Amsa-amo, Kari da Maimaitawa a Waƙar Tabban Haƙiƙa



Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan yadda marubuta waƙoƙin Hausa suke sarrafa amsa-amo da kari da maimaitawa idan suna zancen Lahira. Fagen yana da faɗi ƙwarai, domin tun daga farkon ƙarni na 19 malamanmu ba su daina komawa ga zancen mutuwa da kwanciyar kabari da tsayuwar Alƙiyama ba. Saboda haka na ga ya fi amfani in kama waƙa guda ɗaya in bi ta a tsanake, da in taɓa goma in bar su duka a buɗe. Waƙar da na zaɓa ita ce wadda aka sani da Tabban Haƙiƙa, wadda wasu suke rubutawa Tabbat Haƙiƙa. Baitocinta suna hannun da yawa daga cikinku, wasu a takarda, wasu a ka. Aikina yau shi ne in nuna ginin da yake ɗauke da waɗannan baitoci.

A azuzuwanmu mun saba raba waƙa gida-gida idan za mu feɗe ta: jigo daban, zubi da tsari daban, salo daban. Wannan rabo yana da kyau wajen koyarwa, kuma a kansa Abdulƙadir Ɗangambo ya ɗora littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Amma akwai abin da yakan biyo baya. Ɗalibi yakan ɗauka cewa jigo shi ne saƙo, amsa-amo da kari kuwa ado ne kawai, kamar aikin da ake yi wa wuyan riga bayan an gama ɗinka ta. Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca shi ne, a Tabban Haƙiƙa tsarin waƙar ma wa'azi yake yi. Wanda ya cire tsarin ya bar ma'anar kalmomi kaɗai, ya zubar da rabin wa'azin.

Waƙar da masu ita

Hannu uku ne suka taru a kan wannan waƙa, duka daga gida ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya fara tsara ta da Fulatanci wajen 1812, lokacin zamansa na Sifawa. 'Yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa a 1831, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Daga baya ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka fi sani da Isan Kware, ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu, ta koma ƙwar biyar.

Ya kamata mu lura da lokacin da aka yi ta. Alƙalawa ta faɗi a 1808, yaƙi da Gobir ya zo ƙarshe, mulki ya koma hannun jama'ar Shehu. To, da mulki ya samu sai wasu suka fara aikata abin da aka yi hijira saboda shi. Tun kafin faɗuwar Alƙalawa ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga alamun haka, har ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, ya tsaya a Kano, kamar yadda ya faɗa da kansa a Tazyinul Waraƙati. Saboda haka mutanen da waƙar take yi wa gargaɗi 'yan gida ne: mai mulkin da yake cin talakawa, alƙalin da yake karkata hukunci, mai cin dukiyar da ba tasa ba, mai kama ɗa ya bautar da shi. Baiti bayan baiti, ana faɗin laifi, a faɗi abin da yake jiran mai shi gobe, sa'an nan a rufe da kalmomi biyun nan da suka zama sunan waƙar.

Ƙasar Zamfara tana da rabo a wannan tarihi. Tun kafin jihadi Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a cikinta. 'Yandoto, kusa da Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai ce tun kafin zamaninsa. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, daga cikin mabiyansa yake. Malam Muhammadu Tukur, wanda ake jingina wa waƙar wa'azin nan mai suna Baƙin Mari, a Matuzgi ta ƙasar Mafara ya zauna. Watau waƙar Lahira ba baƙuwa ba ce a nan, kuma nan gaba za mu ga cewa harshen mutanen wannan ƙasa yana da hannu a cikin karinta.

Amsa-amo

Amsa-amo, wanda malaman zaure suke kira ƙafiya, shi ne dawowar sauti guda a ƙarshen ɗango. A rubutacciyar waƙar Hausa yawanci gaɓar ƙarshe ce take dawowa, baƙi da wasalinsa, kamar -wa ko -ya ko -na ko -ba. A waƙa mai ƙwar biyar akan sami iri biyu. Akwai ƙaramin amsa-amo, wanda yake haɗa ɗango huɗu na farko, kuma yana sauyawa daga baiti zuwa baiti. Akwai babban amsa-amo, wanda yake zuwa a ɗango na biyar, kuma ba ya sauyawa har ƙarshen waƙa. Idan muka sa haruffa a madadin sautuka, tsarin zai fito haka:

baiti na farko: a a a a z
baiti na biyu: b b b b z
baiti na uku: c c c c z

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Duk wanda ya taɓa zama inda ake karatun Ishiriniya, waƙar yabon Annabi ta Alfazazi wanda ya rasu a 1230, tare da tahamisin Ibn Mahib, ya san shi da kunnensa.

Mu dubi aikin da ya hau kan Isa. Mai tahamisi ba shi da zaɓi wajen ƙaramin amsa-amo. Da duk gaɓar da ɗangon farko na yayarsa ya ƙare, da ita zai nemo ɗango uku, su yi daidai da karin, su kuma share wa ma'anar hanya ba tare da sun riga ta faɗin abin da za ta faɗa ba. Hausa tana taimakonsa ta fuska ɗaya, domin mafi yawan kalmominta da wasali suke ƙarewa. Amma sakamakon aikinsa ya wuce cika gurbi. A ƙwar biyu, tsakanin laifi da hukunci numfashi ɗaya ne. A ƙwar biyar kuwa mai sauraro yana jin sauti guda sau huɗu yana taruwa a kunnensa, kamar hadari yana haɗuwa, kafin ɗango na biyar ya sauka. Tahamisin ya tsawaita jira, jiran kuwa shi yake ƙara wa hukuncin nauyi.

Sai babban amsa-amo. A nan ne waƙar ta bi hanyar da ya kamata mu tsaya a kanta. Bisa al'ada, mawaƙi yakan riƙe gaɓa guda ya riƙa sauya kalmar da take ɗauke da ita. Da haka aka yi a nan, da sai a nemo kalmomi masu ƙarewa da -ƙa, irin su waƙa, saƙa, miƙa, leƙa, jiƙa, duƙa. Ba a yi haka ba. Kalmomi biyu cur aka ɗauka aka dasa a ƙarshen kowane baiti.

To, masana arulin Larabci suna da suna ga wannan, kuma a cikin aibobin ƙafiya suka lissafa shi. Suna kiransa iɗa'i, watau mawaƙi ya maimaita kalmar ƙafiya da lafazinta da ma'anarta tun bai yi nisan baiti bakwai ba. Shehu da 'ya'yansa sun yi waƙoƙi da Larabci, sun san wannan doka sarai. Saboda haka ba za mu ce rashin sani ko ƙarancin kalmomi ne ya kai su ba. Da gangan suka zaɓa. Sauran al'ummun Musulmi ma sun bi irin wannan hanya: mawaƙan Farisanci da na Urdu suna da abin da suke kira radif, kalma ko jimla da take dawowa a ƙarshen kowane baiti, kuma a wurinsu gwaninta ce.

Akwai wata riba da wannan zaɓi ya kawo. Dalhatu Muhammad ya nuna a 1980 cewa mawaƙan Hausa da yawa, ban da daidaita baƙi da wasali, sukan daidaita hawa da saukar murya a ƙarshen ɗango, abin da muke kira amsa-amon karin sauti. Idan kalma ɗaya ce take dawowa, wannan ya samu ke nan ba tare da wahala ba. Baƙi ɗaya, wasali ɗaya, saukar murya ɗaya, daga farkon waƙa har ƙarshenta.

Kari

Kari shi ne ma'aunin da ɗango yake tafiya a kansa, kuma a Hausa da nauyin gaɓa ake auna shi. Gaɓa iri biyu ce. Akwai marar nauyi, baƙi da gajeren wasali, kamar wu a cikin wuta. Akwai mai nauyi, wadda take da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar ta a cikin wuta, ko kuma wadda baƙi ya rufe ta, kamar gas a cikin gaskiya. Za mu sa wa marar nauyi alamar v, mai nauyi kuwa alamar –.

Haka Larabci yake auna tasa waƙar. Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra, shi ya tsara ilmin aruli a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara Mutadarak suka zama 16. Joseph Greenberg a 1949, da M. K. M. Galadanci a 1975, sun nuna cewa wannan kama da take tsakanin gaɓoɓin harsunan biyu ita ta sa karuruwan Larabci suka zauna wa Hausa ba tare da tilas ba.

Ina so ku lura da wani abu game da kalmomin Lahira su kansu. Mu auna waɗannan huɗu:

hisabi: v – –
siraɗi: v – –
azaba: v – –
makoma: v – –

Kowaccensu ƙafa ce cikakkiya, wadda masu aruli suke kira fa'ulun. Idan kuka jera su a baki ɗaya bayan ɗaya, kun sami ma'aunin ɗango guda na karin Mutaƙarab, alhali ba ku yi waƙa ba, kalmomi kawai kuka lissafa. Haka kuma lahira, duniya, gaskiya, lafiya: kowacce – v – ce, watau fa'ilun, ƙafar Mutadarak. Kalmar Alƙiyama kuwa – v – – ce, watau fa'ilatun, ƙafar da Ramal take tafiya a kanta, wadda kuma take buɗe ɗangon Hafif ta rufe shi. Da yawa daga cikin waɗannan kalmomi daga Larabci muka aro su, sun zo da awonsu a jikinsu. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa wa'azin Lahira ya yi saurin samun gindin zama a rubutacciyar waƙa.

Yanzu mu auna kalmomi biyun da suke rufe kowane baiti. Gaɓa biyar ne: tab, ban, ha, ƙi, ƙa. Na farko da na biyu baƙi ya rufe su, na uku gajere ne, na huɗu da na biyar dogaye ne. Awonsu ke nan: – – v – –. Ko an ce tabban, ko an ce tabbat, awon bai sauya ba.

Abu biyu ne za mu fitar daga nan. Na farko, wanda ya ƙudura cewa da waɗannan gaɓoɓi zai rufe kowane baiti, ya riga ya ɗaure kansa wajen zaɓen kari. Suna zama daram a wutsiyar karin da yake ƙarewa da fa'ilatun, kamar Hafif da Ramal, ko da fa'ulun, kamar Mutaƙarab. Ba sa shiga wutsiyar Rajaz ko Mutadarak a cikakkiyar siffarsu, domin waɗannan gaɓarsu ta kusa da ƙarshe marar nauyi ce. Watau daga ƙarshe aka gino waƙar zuwa farko. Shi ya sa nake ba ɗalibai shawara, idan za su yanka ɗangon irin wannan waƙa su fitar da ƙafafunsa, su fara daga ƙarshe su komo baya, domin a ƙarshe ne mawaƙi ya fi tsare doka, a farkon ƙafa kuwa zihafi yakan ba shi damar sassauta gaɓa.

Na biyu, huɗu daga cikin gaɓoɓin biyar masu nauyi ne, biyun ƙarshe kuma dogayen wasula ne da mai rerawa zai iya ja yadda numfashinsa ya ba shi. Ba a iya faɗinsu a guje. Duk saurin da harshe ya yi wajen lissafa laifuffuka, idan ya iso nan dole ya rage tafiya, kamar saukar taɓarya a turmi. Kunne yana jin tabbacin tun kafin hankali ya gama fassara kalmar.

Karin harshe da karin waƙa

A nan ne mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu suke da abin da za su koya wa sauranmu. An yi wannan waƙa da Hausar yamma. A wannan Hausa, kamar yadda har yanzu ake ji a bakin dattawan ƙasar nan, akan ce yaz zo, yac ce, tat tashi, a inda Bakano zai ce ya zo, ya ce, ta tashi. A magana ta yau da kullum bambancin ƙarami ne. A waƙa kuwa babba ne, domin ya gaɓa ce marar nauyi a wannan muhalli, yaz kuwa mai nauyi ce.

Alal misali, mu ɗauki 'yan kalmomin nan: wanda yaz zo. Awonsu – v – – ne, cikakkiyar fa'ilatun. Idan aka mai da su wanda ya zo, sai su koma – v v –, ƙafar ta karye. Ku tuna kuwa cewa waƙar wa'azi a kan irin wannan ginin jimla take yawan tafiya, wanda ya aikata kaza zai gamu da kaza. Saboda haka mai kwafe waƙar da ya ce zai gyara mata Hausa ta dace da daidaitacciya, zai karya ɗango bayan ɗango, sa'an nan wani ɗalibi ya zo daga baya ya rubuta cewa Nana Asma'u tana da karyayyen kari.

Hanyar rubutu ma tana da nata laifin. Ajami yana nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya, yana nuna ninkin baƙi da shadda. Mai duba takardar ajami yana ganin nauyin gaɓoɓi da idonsa. Boko kuwa ba ya bambanta dogon wasali da gajere. Wanda ya san waƙar ta boko kawai, kuma bai taɓa jin an rera ta ba, kamar mutumin da aka ba kalangu ne aka cire masa tsarkiya.

Maimaitawa

Maimaitawa a wannan waƙa hawa uku ce. Hawa na farko shi ne wanda muka gani, dawowar kalmomi biyu a ƙarshen baiti. Na biyu shi ne dawowar ginin jimla, abin da muke kira jerin sarƙe: a ambaci mai laifi da aikinsa, a biyo da sakamakonsa, baiti na gaba ma haka, mutum ne kawai yake sauyawa. Na uku ya fi ɓoyuwa. A wasu baitocin, aikatau ɗin da aka faɗi laifi da shi, da shi ake faɗin azaba. Wanda ya ci mutane a duniya, ci ne yake jiransa. Wanda ya bautar, bauta ce take jiransa. Kalmar tana fita daga hannun azzalumi ta juyo kansa, mai sauraro kuwa yana gane adalcin hukuncin ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Daga ina wannan salo ya sami karɓuwa? Ta hanya biyu kunnen Bahaushe ya saba da shi. Hanya ta farko ita ce makarantar allo. Alƙur'ani mai girma ba waƙa ba ne, kuma ba a auna shi da aruli. Amma duk yaron da ya yi nisa a allo ya san cewa a Suratur Rahman aya guda tana dawowa sau 31, a Suratul Mursalati kuma, wadda take zancen ranar hukunci, ayar gargaɗi guda tana dawowa sau 10. Kunnen da ya tashi da wannan ya san cewa idan magana ta yi ta dawowa, ana nufin a tsaya a kanta ne.

Hanya ta biyu ita ce waƙar baka. Zamfara ƙasar makaɗan fada ce: Salihu Jankiɗi mutumin Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru. A waƙoƙinsu akwai abin da Sa'idu Muhammad Gusau ya kira gindin waƙa da ɗiyan waƙa. Jagora yana kawo ɗiya iri-iri, 'yan amshi suna komawa ga gindi. Kusan haka Tabban Haƙiƙa take, sai dai da bambanci guda mai muhimmanci. Gindin waƙar fada yana dawowa ne don ya ɗaukaka sarki a gaban jama'a. Rufin baitin wannan waƙa yana dawowa ne don ya tuna wa sarki cewa akwai gaban da shi ma zai tsaya.

Me maimaitawar take aikatawa a zuciyar mai sauraro? Da farko tana taimakon hadda. Yawancin waɗanda aka yi waƙar dominsu da kunne suka karɓe ta. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji suke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da wasu, kuma waƙa ce babbar jakar da suke ɗaukar ilmin a ciki. Baitin da aka san ƙarshensa ya fi sauƙin riƙewa.

Bayan wannan, tana jawo mai sauraro cikin waƙar. Kafin a yi baiti biyar kowa ya san abin da yake zuwa, bakinsa kuma zai fara faɗinsa tare da mai rerawa. Yana jin laifin wani, ya sa baki a tabbatar da hukuncin. To, can sai a iso baitin da ya shafe shi, bakin kuwa ya riga ya saba. Da harshensa zai tabbatar wa kansa.

Har wa yau tana daidaita mutane. Baitin sarki da na alƙali da na talaka duka da sauti guda suke rufewa, ba a ƙara wa wani, ba a rage wa wani. Ƙaramin amsa-amo yana ta sauyawa kamar yadda halayen mutane da muƙamansu suke sauyawa a duniya, babban kuwa yana nan inda yake. Malamin tauhidi zai buƙaci darasi guda ya bayyana cewa duniya mai jujjuyawa ce, Lahira kuwa tabbatacciya. Tsarin waƙar yana faɗin haka sau ɗaya a kowane baiti. Kuma da yake kalmomin da suke rufe baitin tsoratarwa su ne suke rufe baitin yabo da na addu'a, mai sauraro yana fahimtar cewa tabbacin azaba da tabbacin rahama daga wuri guda suka fito.

Za mu ƙara ganin wannan idan muka waiwayi wata ƙasa. Dante, mawaƙin Italiya wanda ya rasu a 1321, ya yi doguwar waƙa a kan Lahira bisa fahimtar addininsa na Kirista, kashi uku, babi 100. Ya tsara ta ɗango uku-uku, ɗangon tsakiya na kowane baiti shi yake ba baiti na gaba amsa-amo: a b a, b c b, c d c. Amsa-amonsa kullum gaba yake turawa, domin labarin tafiya yake bayarwa, mutum yana ratsa wurare yana gani. Masu Tabban Haƙiƙa ba tafiya suke ba da labari ba. Shari'a suke kwatantawa, ana shigo da mutane ɗaya bayan ɗaya gaban hukunci guda. Kowannensu ya zaɓi amsa-amon da ya dace da yadda ya hango Lahira.

Kammalawa

Mun ga cewa kalmomi biyu ne suke riƙe da wannan waƙa. Su ne babban amsa-amonta, su suka iyakance karin da za ta hau, su ne kuma amshin da mai sauraro yake sa baki a ciki. Abin da masu aruli suke lissafawa aibi, gidan Shehu sun mai da shi ginshiƙi, saboda sun san mutanen da suke yi wa magana da abin da suke so ya zauna a zukatansu.

Wannan bincike yana da nauyin da yake ɗora mana. Tun wajen 2011 ƙauyuka da yawa na ƙasar Zamfara, har da na Tsafe da Bunguɗu, sun sha fama da satar shanu da kama mutane don neman fansa, jama'a da yawa sun bar gidajensu. Waƙar da ta yi magana a kan mai kama ɗa, da mai cin dukiyar mutane, da shugaban da ya saki amanarsa, ba ta rasa masu sauraro a irin wannan hali. Amma idan ƙauye ya watse, zauren da ake rera ta a ciki ma ya watse, tsohuwar da ta karɓi muryar daga kakarta ta koma wani gari inda ba mai tambayarta. Takarda tana iya jira a cikin gafaka shekara ɗari. Murya ba ta da wannan haƙuri.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ɗalibanmu 'yan wannan ƙasa su nemi dattawa maza da mata da suke rera waƙoƙin wa'azi, su ɗauki muryoyinsu da izininsu, ko da da wayar hannu ce, su rubuta garin da aka ɗauka da shekarar. Masu buga waɗannan waƙoƙi da boko su bar musu Hausarsu ta yamma yadda take, su ajiye hoton ajamin kusa da bokon. Mu kuma malamai, kada mu tambayi ɗalibi karin waƙa a jarrabawa alhali ba mu taɓa sa shi ya ji ta da kunnensa a aji ba.

 Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu cika da imani.